Hannunka Mai Sanda

Shekara 26 ke nan ina cin abinci da hannuwana a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Giyabos nake gyarawa, kuma duk wanda ya taɓa yin musabaha da ni ya san haka ba sai an gaya masa ba, don tafina duk kanta ne kamar na mai faskare. Ban taɓa zaton akwai ranar da wani zai tsayar da ni a rana, ina da shekara 48 da furfura a gemu, ya koya mini yadda ake riƙe sandar golf ba. Ga shi kuwa an yi, kuma sai da aka ɗauki kusan shekara uku kafin karatun ya zauna.

Shigata wasan golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, bashi ne ya jawo ta. Wani mutum ya kawo mota na yi masa aiki, kuɗi suka gaza, sai ya buɗe but ya sauke mini wata tsohuwar jaka cike da sanduna ya ce in riƙe kafin ya dawo. Yau shekara biyar bai dawo ba. Jakar ta yi wata takwas a lungun shago tana shan ƙura, har ranar da likita ya dubi takardar gwajin sugana ya ce ko dai in fara tafiyar ƙasa ko in fara allura. Tafiya haka kawai ba dalili ba ta cikin ɗabi'ata. Amma rami 18 a filin Royal Golf Club na nan Kumasi, inda ake buga gasar Asantehene, wato sarkin Asante da ake yi wa laƙabi da Otumfuo, tafiya ce da ta haura kilomita 6, kuma mutum ba ya jin ta saboda hankalinsa na kan wata 'yar farar ƙwallo da nauyinta bai kai giram 46 ba. Uwargida ta yi dariya har da hawaye ranar da ta ga na fito daga gida a Aboabo da asuba na saɓa jakar. Ta ce, "Alhaji, wasan su Otumfuo za ka shiga da wannan hannun naka na guduma?"

Ashe ta faɗi gaskiya ba ta sani ba.

Shekara biyun farko ciwona ɗaya ne. In na ɗauki babbar sandar nan da ake kira direba na buga, ƙwallon sai ta tashi kamar abin kirki, ta yi rabin hanya, sannan ta yi lauje zuwa dama ta faɗa cikin itatuwa. Kullum dama. Na yi abin da kowane sabon shiga ke yi, wato na koma saitin hagu don in ba ta wurin lanƙwasa. Sai laujen ya ƙaru. Na ƙara karkata hagu, ya ƙara ƙaruwa. Akwai Asabar ɗin da na ɓatar da ƙwallo bakwai kafin rami na 12, kowace da sidina na saya, na dawo gida ban kula kowa ba.

Sai daga baya na gane cewa matsalar irin wadda nake gani kullum a gareji ce. Mota in alaimen ɗinta ya goce, kana iya riƙe sitiyari da ƙarfi kana ja hagu har ka kai Tamale, amma tayar gaba tana nan tana kallon dama tana cinyewa. A golf fuskar sanda ita ce tayar gaba. Inda ta kalla lokacin da ta haɗu da ƙwallo, nan ne mafi yawan alƙiblar da ƙwallon za ta fara bi. Bambancin da ke tsakanin inda fuskar ta kalla da hanyar da kan sandar ya biyo kuma shi ke sa ta lanƙwasa a sama. Fuska a buɗe, hanya ta yanko daga waje zuwa ciki, sakamakon lauje ne zuwa dama. Ni kuwa da nake ƙara saitin hagu, ƙara yankowar nake yi, ina zuba wa wuta fetur. Na zauna na yi lissafi da biro a bayan rasit: gocewar digiri 2 kacal, a tafiyar mita 200, ta kai mita 7 tun kafin a zo maganar lanƙwasa. Haɗuwar fuskar da ƙwallo kuma ba ta kai ɗaya bisa dubu na sakan ba, babu mai saurin da zai gyara wani abu a cikin wannan lokaci. Duk abin da zai faru an riga an shirya shi a hannu, domin hannu ne kaɗai sashen jiki da ke taɓa sandar.

Wani abokin wasa, mutumin kirki, ya ga wahalata ya ce mini da Turanci riƙona ba shi da ƙarfi, in ƙara masa ƙarfi. Makanike ka ce wa ya ƙara ƙarfi? Na damƙi ƙotar nan kamar zan kwance notin taya da ya yi tsatsa, har jijiyoyin damtsena suka fito. Wata biyu ina haka. Ƙwallon ba ta daina zuwa dama ba, sai dai ta rage nisa, ni kuma na samu ciwon gwiwar hannu a kan kari.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne ɗan Zango da ya shekara aru-aru yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka. Ba mai yawan magana ba ne. Ya bi ni rami uku yana kallo bai ce uffan ba, sai a na huɗu ya ce, "Alhaji, in ƙusa za ka buga a shago, haka kake riƙe guduma?" Kunya ta kama ni, don wannan shi ne abin da nake yi wa sababbin yara faɗa a kansa. Yaro sabon zuwa yana shaƙe guduma a tsakiyar tafi, kusa da kai, ya buga da kafaɗa, kafin azahar ya gaji. Wanda ya ƙware yana riƙe ta can ƙarshen ƙota, a cikin yatsu, sako-sako, ya bar wuyan hannu ya yi masa bulala. Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To me sandar ta yi maka?"

Shi ya fahimtar da ni cewa abin da Turawa ke kira riƙo mai ƙarfi ba shi da alaƙa da matsewa. Sunan ne ya yaudare ni. Magana ce ta inda hannu ya zauna a jikin ƙota. Ga mai buga wasa da dama, in ka tsaya ka dubi hannunka na hagu daga sama, ƙirga tudun gaɓoɓin da kake gani a bayan hannun. In ɗaya kake gani, hannun ya juya hagu, shi ne mai rauni, kuma yakan bar fuska a buɗe. Biyu zuwa biyu da rabi shi ne tsaka-tsaki. Uku zuwa huɗu shi ne mai ƙarfin, hannun ya mirgino dama, kuma yakan rufe fuska. Akwai kuma 'yar tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya: in ta nuna haɓarka, rauni ne, in ta nuna kafaɗarka ta dama, ƙarfi ne. Bahago sai ya juya duk wannan. Ni da na duba nawa, tudu ɗaya ma da kyar nake hangowa.

Dattijon ya karɓi safar hannuna ya juya ta ya nuna mini wata huda da ta ci a gindin tafi, wajen tsokar nan da ke ƙasan ƙaramin yatsa. Ya ce ko bai ga buguna ba, wannan hudar ta gaya masa a tafi nake riƙewa kuma sandar tana zamewa tana goga. Ya shimfiɗa mini ƙotar a karkace, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuniya, ya ɗora tsokar tafin a samanta, sannan ya ce in saki sauran yatsu uku da babban yatsa. Sandar ta tsaya cak a iska, manuniya tana tallafe da ita daga ƙasa, tsokar tana danne da ita daga sama. Ban matse komai ba. Ya ciro biro daga aljihu ya ɗiga ɗigo uku a kan tudun gaɓoɓin safar, ya ce kada in ɗaga sanda sai na ga ukun nan duka.

Bugun farko ji na yi kamar na ari hannun wani. Na biyu ma haka. Na biyar ne ya tafi. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa yi ba, amma ƙarar ma daban ce, wani "tas" mai tsabta, ƙwallon ta miƙe ta ƙi lanƙwasa, na tsaya ina jiran ta juya dama kamar yadda ta saba har ta sauka ba ta juya ba. Na waiwaya in ga ko dattijon zai yaba. Ya riga ya saɓa jaka ya yi gaba.

Maganar yadda ake haɗa hannayen biyu kuwa, wadda aka fi yin gardama a kanta a wurin shan lemo bayan wasa, a ganina ita ce mafi ƙarancin tasiri. Akwai ɗorawa, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa tsakanin manuniya da na tsakiya na hagu. Ana danganta ta da Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, ko da yake wani ɗan Sikotilan mai suna Johnny Laidlay ya riga shi yin ta. Akwai sarƙewa, inda yatsun biyu ke shiga juna, riƙon Jack Nicklaus mai manyan kofuna 18 da Tiger Woods mai 15. Akwai kuma ta yatsu goma, kowane yatsa a kan ƙota. Ni ta ukun nake yi, don giyabos ya taɓa faɗo mini a ƙaramin yatsan dama tun ina yaron shago, ya warke a karkace, ba ya ɗoruwa ba ya sarƙuwa. Abokai suna tsokanata wai riƙon taɓarya nake yi. Su yi ta yi. Ƙwallo ba ta san yadda yatsuna suka gaisa ba, fuskar sanda kawai take gani.

Da na tsaya nan da na huta. Amma ɗan Adam ba ya samun lafiya ya zauna. Na shiga kallon YouTube da dare, na ci karo da Dustin Johnson, wanda ya ci gasar Masters a Nuwamban 2020 da bugu 20 ƙasa da ƙa'ida, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa filin. Abin da ya ɗauki idona shi ne wuyan hannunsa na hagu in ya ɗaga sandar baya har ƙololuwa kafin bugu: yana yin doro, ya tanƙwaro wajen tafi sosai, har fuskar sandar ta kalli sama. Na ce ashe nan sirrin yake. Na yi mako biyu ina gwadawa a tsakar gida bayan isha'i, yara suna leƙe ta taga.

Asabar ɗin da na kai abin fili ba zan manta da ita ba. Ƙwallon ta ƙi tashi. Tana fita sai ta dunƙule ƙasa-ƙasa ta yi hagu da gudu kamar gafiyar da aka koro daga rami. Na farko, na biyu, na uku. Laujen dama ko banza yana tashi sama ya sauka a hankali, wani lokaci ka same shi a gefen ciyawa. Wannan na hagun ba ya tsayawa, birgima yake yi har sai ya sami daji. Garin neman gira na rasa ido.

Dattijon ya bari sai da na ɓatar da ta uku sannan ya ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan doron?" Na ciro waya na nuna masa. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini, ya ce, "Na sa maka gishiri a miya, ka je ka ƙara wani." Bayaninsa, wanda na sake tabbatarwa da kaina a gaban madubi, shi ne wuyan hannun hagu ma yana buɗe fuska yana rufe ta, kamar yadda riƙo ke yi. In ya loɓa, wato bayan hannun ya tanƙwaru baya wajen agogo, fuska tana buɗewa. In ya yi doro tana rufewa. In ya shimfiɗe daidai da damtse, sai ya bar wa riƙo hukunci. Ni na ɗauki riƙo mai rufewa na haɗa da wuyan hannu mai rufewa, sannan na buga da ƙugun mutumin da ya wuni a durƙushe ƙarƙashin mota. Shi Dustin Johnson dogo ne, mita 1.93, kuma jikinsa yana juyawa da irin saurin da ba ya ba fuskar damar ƙarasa rufewa. Abin da ƙugunsa ke warwarewa nawa ba zai iya ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Tun daga nan na daina kallon wuyan hannun ƙwararru shi kaɗai, sai in fara duba riƙonsu, kuma nan abin ya yi mini daɗi don kowa da yadda ya daidaita nasa. Jon Rahm ɗan Sifaniya, wanda ya ci US Open a 2021 da Masters a 2023, shi ma yana yin doro, amma riƙonsa na hagu ya fi karkata ga rauni, sai ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe su haɗu a tsakiya. Ben Hogan kuwa akasin hanyata ya bi. Laujen hagu ne ya addabe shi a farkon sana'arsa, sai ya raunana riƙonsa ya kuma bar wuyan hannun ya ɗan loɓa a ƙololuwa don kada fuska ta rufe. Da haka ya ci manyan kofuna 9, uku daga ciki a 1953 kaɗai, bayan haɗarin motar da ya kusa kashe shi a 1949. To ka ga in mai fama da laujen dama irina ya ce zai kwaikwayi Hogan, maganin wata cuta ya sha, tasa kuwa sai ta ƙaru. Na tabbata mutane da yawa sun yi hakan, don sunan mutumin ya isa ya sa ka bi shi ido rufe.

Gyaran da muka yi mai sauƙi ne. Dattijon ya goge ɗigo ɗaya rabi, muka koma biyu da rabi, ya ce in mayar da wuyan hannun shimfiɗaɗɗe. Matsalar ita ce mutum ba ya ganin hannunsa in ya kai ƙololuwa, kuma abin da kake ji kana yi ba shi kake yi ba. Nan sana'ata ta yi rana. Na ɗauko 'yar sifana mai lamba 10 na cusa ta ƙarƙashin igiyar agogona, rabi a kan damtse rabi a kan bayan hannu. In na loɓa, bakinta ya soke ni a bayan hannu. In na yi doro, sai in ji ta rabu da fata, iska ta shiga tsakani. In ta kwanta lif tana taɓa ni ba tare da ta soke ni ba, na san ina daidai. Na nuna wa dattijon, ya jujjuya hannuna ya duba, karo na farko da na ga haƙoransa.

Sifanar ta tona mini wani asirin da ban san da shi ba. A ƙololuwa na gyaru, amma daidai lokacin haɗuwa da ƙwallo sai in ji ta soke ni. Ashe kwasar ƙwallon nake ƙoƙarin yi kamar mai ɗibar miya da ludayi, ina karya wuyan hannu don in taimaka mata ta tashi. Ba ta bukatar taimakona. An riga an kwantar da fuskar sandar ƙarfe mai lamba 7 da digiri 30 da 'yan kai, ita za ta ɗaga ƙwallon. Aikina shi ne hannaye su riga kan sandar isowa, wuyan hannun hagu a shimfiɗe ko ma da ɗan doro kaɗan, a bugi ƙwallo tukuna sannan a yanki ƙasa a gabanta. Mai ludayi ko dai ya daki ƙasa kafin ƙwallo ko ya sare ta a ciki. Da damina, ƙasa na da laushi, kana iya tsira. Da hunturu kuwa, in iskar ɗari ta busar da fili ya yi tauri kamar daɓe, sandar sai ta yi tsalle ta rankwashi ƙwallon a ka, zafin kuma ya ratsa har kafaɗa. Wannan har yau ina fama da shi, musamman a gajerun bugu kusa da rami, inda tsoro ke sa hannu ya koma tsohuwar ɗabi'a.

Abu na ƙarshe da na gano, wanda ya kamata a ce shi na fara gani, robar ƙotar ce kanta. Sandunan da aka bar mini sun tsufa, robar ta bushe ta yi santsi tana ƙyalli kamar tayar da ta siɗe. Haɗa wannan da gumin Kumasi na watan Maris, dole ka matse ko ba ka so, in ka matse kuma wuyan hannu ya sandare, bulalar ta mutu. Wato rabin matsewar da nake yi ba halina ba ne, tsoron kada sandar ta kuɓuce ne. Na sayo sababbin robobi na canza da kaina a shago: na ɗaure sandar a bais da tsumma don kada ta ƙuje, na tsage tsohuwar da reza, na naɗa tef mai gam ciki da waje, na jiƙa shi da ɗan kananzir, na zura sabuwar kafin ya bushe. Saboda girman hannuna na ƙara naɗin tef biyu a ƙasa. Ma'aunin da dattijon ya ba ni shi ne yatsun tsakiya na hagu su zagayo su ɗan shafi tsokar babban yatsa. In sun nutse a ciki ƙotar ta yi siriri, hannu zai yi rawar kai. In ba su kai ba ta yi kauri, hannu zai yi nauyin juyawa. Akwai masu son kaurin da gangan, irin su Bryson DeChambeau da ke riƙe ƙota kamar rake, amma na riga na yi rantsuwa na daina aron kayan mutanen talabijin. Yanzu duk mako biyu nakan wanke robobin da ruwan sabulu da tsohon buroshi, abin da yaran shago ke ganin wata sabuwar hauka ce ta Masta.

Asabar ɗin da ta wuce na gama rami 18 da ƙwallon da na fara da ita, ban ɓatar ba. Bugu 94 na yi, wanda a wurin gwanaye abin dariya ne, amma na ajiye ƙwallon a kan talabijin, uwargida ta ɗauke ta jefa cikin kwandon kayan wasan jikoki.

Sifanar kuwa ta zame mini jiki har nakan manta da ita. Ranar Juma'a da ita na tafi masallaci a maƙale a agogo, ban lura ba sai da na zo alwala, wanda ke kusa da ni ya dubi hannuna ya dubi fuskata bai ce komai ba. A shago kuma yau mako uku ke nan yara suna zargin juna a kan wanda ya ɓatar da lamba 10, har babbansu ya sa an zazzage akwatin kayan aiki sau biyu. Ban gaya musu inda take ba tukuna.